Mas'uda Mai Kitso da Tura Waƙa

A unguwarsu ta Gwaram, in baƙo ya tambayi gidan Nu'uman direba, sai a tsaya ana tunani, don direbobin da yawa. Amma in ya ce gidan Mas'uda mai memori, ko tsohuwa mai sayar da daddawa a bakin hanya za ta nuna masa ƙofar da ke gindin darbejiya. Nu'uman ya daɗe da daina jin haushin wannan. Yakan ce, shi dai a gane gidan.

Mas'uda 'yar Birnin Kudu ce. Mahaifinta manomi ne mai ɗan taɓa fataucin hatsi zuwa Kano, mahaifiyarta kuma makitsiya. A gabanta ta tashi tana miƙa mataji da kibiya har hannunta ya faɗa. Ta yi makaranta zuwa aji uku na sakandare, sannan ta auri Nu'uman, abokin yayanta, wanda ke jan wata farar bas tsakanin Gwaram da Birnin Kudu. Ta tare da kayan ɗakinta da sana'ar uwarta, kuma ba a yi wata biyu ba mata suka gane cewa shukunta yana kai mako uku bai tsufa ba.

Kwamfuta ta shigo gidan ne a shekarar 2010. Yayanta Munzali yana da tebur da lema a tashar Birnin Kudu, yana cajin waya yana tura wa mutane waƙa. Da ya yi sabuwar laftof, sai ya ba ta tsohuwar, wadda batirinta ya mutu, maɓalli biyu kuma sun ɓalle. Ya ce ta riƙa rage zaman shiru da ita. A yammaci ɗaya ya nuna mata yadda ake sa memori a rida, ɗan abin da ke haɗa shi da kwamfuta, a buɗe shi, a jawo waƙa a ajiye. Ta ɗora laftof ɗin a kan akwati ta lulluɓe da ɗankwali, ba ta kawo sana'a a ranta ba.

Wata Zahara'u ce ta ɓaro zancen, matar wani malamin firamare daga Farin Dutse, da ta zo suna a Gwaram ta biyo kitso. Kanta yana cinyar Mas'uda take ba da labari.

"Ranar nan na sha kunya. Surukina ya shigo, na kunna masa karatu a 'yar rediyon nan don ya ji daɗi. Sura tana ƙarewa sai ga waƙar soyayya ta ɓarke, har da kiɗa. Na rasa inda zan danna. Dattijo ya sunkuyar da kai yana ta jan carbi."

Matan da ke jiran layi suka tuntsire da dariya. Mas'uda ta ce, "Wa ya tura miki?"

"Samarin tasha. Aikawa na yi. Sun zuba ne kawai kamar ana ɗura hatsi a buhu, tsakuwa da ƙaiƙayi duk a ciki."

"Bar mini shi zuwa jibi, in duba."

Da aka kawo wuta, Mas'uda ta buɗe ɗan memorin nan da bai kai farcen yatsa ba. Ta tarar da waƙoƙi fiye da ɗari uku babu mai suna, wata ma ta fito sau huɗu. Yini biyu ta yi tana saurara ɗaya bayan ɗaya, tana yi tana tankaɗe. Ta ware karatu gefe, wa'azi gefe, yabon Annabi gefe. Sauran kuwa ba ta bi sunan mawaƙa ba, aikin gida ta bi. Masu sauri ta tara su a folda guda ta ce na daka ne da wanke-wanke. Masu sanyi na raino. Na biki ta kai su can ƙarshe.

Sai ta tuna cewa 'yar rediyon ba ta nuna rubutu, lamba kawai take nunawa, kuma yawancin matan da take wa kitso ba su yi boko ba. Ta ɗauki wayarta ta shiga ɗaki ta tura ƙofa, ta naɗi muryarta, ta sa a farkon kowace folda. "Salamu alaikum, nan karatu ne." "Nan na daka ne, Allah ya ba da ƙarfi." Gaban na soyayya kuma ta ce, "Daga nan sai na ɗaki, in da manya a kusa a kashe," ta bar shiru ɗan lokaci, yadda mace za ta iya ajiye muciya ta kai hannu.

Zahara'u ta koma Farin Dutse da memorinta, kafin mako ya zagayo, wasu memori guda bakwai sun iso Gwaram a ƙulle a bakin zane.

Daga nan abin ya zauna. Mace za ta zo kitso, ta miƙa memori tun daga ƙofa. Mas'uda za ta tambaye ta abin da take so tana tsaga kai, ta tashi ta danna, ta dawo ta ci gaba. Kafin a kai ƙeya an gama turawa. Ba ta taɓa tura wa mutum abin da bai nema ba, amma takan ba da shawara. Mai jego ba a cika mata kiɗa. Wadda mijinta ya tafi cirani Legas kuwa, ta san irin waɗanda za ta ƙara mata ba sai ta faɗa ba.

Na ƙauye da ba sa samun zuwa, Nu'uman ne ke ɗauko nasu. Saboda memori yana da saurin ɓata, Mas'uda ta sa doka cewa kowa ta sa nata a kwalin ashana, a rubuta suna a bayansa ko a yi alama da jan farce. Haka gaban motar Nu'uman ya cika da kwalayen ashana daga Maruta da Farin Dutse, har daga Wurno ta wajen Birnin Kudu. Wata rana wani dattijon malami da ya zauna a gidan gaba ya yi ta kallon kwalayen tun daga Gwaram. Da zai sauka, ya riƙe hannun Nu'uman ya rage murya.

"Ɗana, ga ka mutum mai hankali. Ka roƙi Allah ya raba ka da taba."

Nu'uman ya ce, "In sha Allahu, Malam. A taya ni da addu'a." Da ya dawo gida yana ba da labari, Mas'uda ta yi dariya har ta zubar da ruwan da ta kawo masa.

Muryarta kuwa ta riga ta zuwa wuraren da ba ta taɓa takawa ba. Ta taɓa zuwa biki Maruta, ta yi sallama a wani gida tana neman ruwan alwala. Matar gidan ta tsaya da buta a hannu tana kallonta, ta ce, "Sake sallamar." Ta sake. Matar ta juya ta kira maƙwabtanta ta katanga, wai su zo ga mai cewa a kashe in da manya. Ranar sai da ta ci fura a gida uku.

A daminar 2013 ne abin ya tsaya cak. Wani memori da aka kawo ya zo da cutar kwamfuta. Da farko foldoji suka ƙi buɗuwa, washegari laftof ɗin ta ƙi tashi gaba ɗaya. Nu'uman ya naɗe ta a bargo ya kai wa Munzali. Bayan la'asar Munzali ya kira ƙanwarsa.

"Ta tashi, amma sai da aka wanke ta tas. Babu komai a ciki."

"Yaya, har foldojin nawa?"

"Har su. Kada ki damu, zan cika miki daga tawa."

Ya cika kuwa, amma irin cikar tasha ce, waƙoƙin yayi na samari a cakuɗe. Tsofaffin da ta yi shekara uku tana tsinta daga hannun mutane, da muryoyin da ta naɗa, da tsarin da ta yi, duk babu. Kwana biyu tana kitso ba hira. Surukarta Inna Indo, wadda ke zaune tare da su, ta lura. Tana tsince wake a faifai ta ce, "Ke 'yar nan, wai me ya ɓata ne?"

"Inna, duk abin da na tara ne ya goge."

"Wanda kike zuba wa mata a 'yan abubuwan nan?"

"Shi."

"To ai yana hannunsu. Shekarar da gara ta cinye mana irin gero a rumbu, Malam surukinki bai zauna kuka ba. Waɗanda ya taɓa ba iri ya bi, kowa ya ɗebo masa tafi guda."

Mas'uda ta tashi ta nemi wayarta. Da safe ta ce wa Nu'uman, "Malam, duk inda ka tsaya ka faɗa wa masu kawo saƙo, ina roƙon aron memorin kowa na kwana ɗaya." A gari kuma masu kitso suka ɗauki maganar gida-gida.

Kwalayen ashana suka fara dawowa, yau biyar gobe goma. Wasu sun aiko da gyaɗa a leda, wata ta haɗo da kuka da kuɓewa, kamar masu zuwa dubiya. Munzali ya sa mata maganin cutar a kwamfuta, ya koya mata ta fara duba kowane memori kafin ta buɗe. Cikin mako uku kusan komai ya dawo, har da sallamarta.

Abin da ba ta zata ba shi ne, memorin ba su dawo yadda suka tafi ba. Masu sa nasu a waya sun gano wurin naɗar murya, sun yi ta naɗa. Akwai wadda ta naɗi kukan jaririnta, akwai wadda ta naɗi zakara. Akwai mata uku suna luguden daka suna waƙa, taɓarya tana amsa musu. A cikin na Zahara'u kuma ta ci karo da wata tsohuwar murya mai ɗan rawa, tana waƙar niƙa, tana jero sunayen rijiyoyi da gonaki da matan da suka riga mu gidan gaskiya. Mas'uda ta saurara sau uku. Inna Indo ta bar abin da take yi ta matso, ta ce rabonta da jin wannan tun tana amarya.

Mas'uda ta so ta tura wa mutane waƙar, amma ta ga ba nata ba ne. Ta kira Zahara'u, wadda ta ce kakar mijinta ce, Baba A'i. Ranar wata Alhamis Mas'uda ta shiga motar Nu'uman ta nufi Farin Dutse. Ta tarar da tsohuwar a kan tabarma a inuwar rumbu tana ɓare gyaɗa. Bayan gaisuwa ta faɗi abin da ya kawo ta, ta kunna mata.

Baba A'i ta kasa kunne, fuska a ɗaure. Da aka gama ta ce, "Wa zai zauna jin muryar tsohuwa, ga masu kiɗan zamani?"

"Baba, ni na ji sau uku. Surukata har da ƙwalla."

"To ban yarda ba."

Mas'uda ta fara tattara mayafinta. Tsohuwar ta ɗaga hannu.

"Wannan ɗin ne ban yarda ba. Na yi tari a tsakiya, kuma na tsallake rijiya biyu. In za a kai ni Gwaram, a kai ni da kyau. Zahara'u, jawo mini dutsen niƙan can, ba a yin ta da hannu a sake."

Aka wanke dutsen da ya shekara goma a jingine, aka zuba dawa. Baba A'i ta durƙusa ta fara, matan gidan suka kewaye ta suna amshi. Aka yi guda, ta ce a yi ta biyu. Maƙwabciyarta Baba Nasiha ta ji labari ta shigo da sandarta, ta ce ita ma tana da na raino, kuma ta fi A'i murya tun suna 'yammata. Sai da Nu'uman ya yi ta danna oda a bakin hanya sannan suka saki Mas'uda.

Mas'uda ta buɗe sabuwar folda ta sa mata suna Namu. A wannan kakar babu abin da aka nema kamarta. Har maza suka riƙa aikowa a ɓoye, su ce wai na iyayensu mata ne.

Bayan wasu shekaru manyan wayoyi suka yawaita, 'yammata suka koma tura wa juna waƙa da kansu. Munzali ya naɗe lemarsa ya koma gyaran waya. Mas'uda ba ta damu ba, kitso bai taɓa barinta ba, kuma dattawa masu 'yar rediyo har yanzu gidanta suke aikowa. Baba A'i ta rasu da azumin shekarar 2017, jikokinta na Kano da na Bauchi kowa ya zo ya karɓi muryarta.

Yanzu Mas'uda tana da 'ya'ya biyar da laftof ta uku. Babbar 'yarta Khuzaima, da ke karatun aikin jinya, tana matsa mata a ɗora Namu a intanet duniya ta ji. Mas'uda ta ce ba ta ƙi ba, amma sai an bi masu muryoyin ko magadansu gida-gida an tambaya, kuma su arba'in da ɗaya ne. Zuwa yanzu sun tambayi goma sha shida. A Wurno kuma an ba ta labarin wata tsohuwa da ta iya waƙoƙin kaɗin auduga, ta ce da an gama girbi za ta je.