Ɗan Takara Marar Tsaga

Shekara biyu da tafiyar Nasara 'yan mulkin mallaka, ran kasuwar Gesheme, ga wani dogon mutum tsaye bakin rijiya, takardar shaidar lakwal, makarantar boko, a hannunsa ta yi laushi don ninki. Norbert ne, in ji masu ɗibar ruwa, malamin asibiti mai neman kujerar majalisar gari. Rijiyar ma shi ya gina, kyauta.

Wata tsohuwa makauniya tana shafa kumatunsa, tana neman tsagar Arawa. Babu. Wataƙila maraya ne da ya tashi gidan mishan.

"Ƙuri'arki nike roƙo, Inna."

"Ɗan wa ne kai?"

Ya ɗora yatsunta bisa kantar tafin hannunsa.

"Wannan aiki ne, ɗana. Dangi nike tambaya."

Ta ja sandarta ta wuce. Hannunsa yana nan a miƙe.