Ƙarƙashin Fiffike

Wani dattijo yana zaune a bakin shagon kafinta, hannunsa na dama sai rawa yake yi. Da ƙyar yake harhaɗa 'yar madogara ta katako mai ƙafa uku. Ya manna mata soso, ya kwantar da ƙaramin jirgin sama na roba a kai, rigingine. Da hagu yake shafa fenti a ƙarƙashin fiffike, ko numfashin kirki ba ya yi.

Kafinta ya ce, "Haba Baba, wa zai leƙa nan?"

"Nan ake fara dubawa kafin a ɗauki mutane," in ji shi, ko ɗagowa bai yi ba.

Ina jin a ƙarƙashin jiragen gaske ya ƙare ƙuruciyarsa. Yanzu katako ne ke riƙe masa jirgi, don hannun ya daina.