Kiɗan Teloli na Yaya Habu

Yau shekara biyar cif da rasuwar yayana, Habu Tela, kuma har yanzu ban huce da abin da aka yi wa garayarsa a nan Dubai ba.

Ɗinki yake yi a wani ɗan shago a unguwar Satwa. Ran Juma'a in an sauko daga masallaci, sai ya ɗauko garaya, maƙwabcinsa Salim, mutumin Yaman mai guga, ya ɗauko udu, molon Larabawa. Kiɗan da suka fi yi, Yaya ne ya tsinto shi daga ƙarar keken ɗinkinsa.

Watanni kaɗan kafin ya rasu aka gayyace su wani taron al'adu a unguwar Karama. A takardar taron an sa Salim cikin masu kiɗan gargajiyar Larabawa, Yaya kuwa aka rubuta masa kiɗan baƙar fata. Kiɗa ɗaya fa za su yi, a kan tabarma ɗaya. Mai shirya taron har da tambayar ko bai zo da ganga ba, wai jama'a za su so rawa. Raina a ɓace na ce da Yaya, ga shi an mai da shi mai kiɗan baƙi. Sai ya yi dariya.

"In baƙunta suke nufi, ai duk garin nan baƙi ne, har shi mai rubutun. In kuma fata ce, ta akuya ce a jikin garayar, su tambaye ta."

Ni ban yi dariya ba. Mu a gida da sana'a muke kiran kiɗa: na noma, na maƙera, na mahauta. Da jin sunan ka san wa ake yi wa. To fata me ta gaya maka? Ta dai kwashi garaya da waƙar Habasha da ta samarin Amurka ta zuba a buhu ɗaya, don mai rubutu ya huta da saurare. Na san akwai masu alfahari da wannan suna saboda wuyar da kakanninsu suka sha, ban kuma ga laifinsu ba. Su suka zaɓa. Yaya ba wanda ya tambaye shi.

Watan jiya 'yarsa Hauwa, da ke karatu a hannuna a unguwar Qusais, ta tashi ɗora kiɗan nasa da aka naɗa a intanet. Shafin ya ce sai ta zaɓi rukuni, ya kuma miƙo mata irin wancan sunan. Ta ce, "Baffa, me zan sa? Da shi jikokinsa za su neme shi."

Da yana nan, dariya zai sake yi, abin da ke ƙara ƙona min rai ke nan. Na ce ta kira shi yadda ake kira a gida. Ta nemo gurbin da ake rubutawa da hannu, ta sa: kiɗan teloli.

Shagon yanzu wayoyi ake sayarwa, keken ma ban san inda yake ba. Abin da ya rage na Yaya shi ne kiɗan nan, da sunan da 'yarsa ta raɗa masa. In ka kasa kunne, har yanzu za ka ji ƙafarsa tana taka keken.