Wayoyi Biyu Suka Kai Ni Lyon

Mun bar Belleville, unguwarmu a Paris, ana idar da sallar asuba, ni da maƙwabcina da ya raka ni tasha don kada in koma karo na uku in duba ko na kashe gas. Ƙanena da ke Villeurbanne, gefen birnin Lyon, ne ya kira ni. Matarsa ta haihu cikin tsananin sanyi, ya sayo termosta, na'urar daidaita ɗumin gida da ake sarrafawa da salula, amma duk karatunsa na injiniya tsoron taɓa wayar lantarki yake. Ni a aji shida na tsaya, sai dai na daɗe ina aikin lantarki a Maradi.

Awa biyu muka yi a jirgin ƙasa. Gonaki sun yi fari fat da ƙanƙara, shanu jibga-jibga kamar ba su taɓa zuwa kiwo ba. Na tambayi kuɗin kofi, na koma kujerata na ci dabino.

Na tarar da surukar ƙanena, Hajiya, ta zo saboda wankan jego. Ta tsaya bakin kicin ta nuna shodiyar, tukunyar gas mai ɗumama ɗakuna da dafa ruwan wanka.

"Malam, in ka kashe mini ruwan zafin nan, kai za ka hura itace a baranda kwana arba'in."

In lantarki ya bi inda bai kamata ba, cikin tukunyar ya ƙone, ba ɗumi ba wanka. Na kashe wutar gidan gaba ɗaya. Na ɗauki hoton wayoyin sau tara. Na zare guntuwar wayar da ta haɗa ramuka biyu a jikin tukunyar, na sa wayoyin termosta a gurbinta, na ɗaure, na kwance, na sake ɗaurewa. Da muka kunna, ƙarafan ɗumama ɗaki da ke jikin bango suka ɗau zafi. Hajiya ta cika mini kwano da kunun kanwar mai jego.

Salular ƙanena ba caji, sai muka haɗa na'urar da tawa. Washegari na juyo.

Ina sauka Paris Hajiya ta kira. "Malam, gida ya zama firji! Jariri na atishawa."

Na tsaya tsakiyar tasha ina tunanin wace waya na juya. Da na duba salula, na'urar ta rubuta wai ba kowa a gida. Ashe salulata take bi. Tunda na fita ta kashe ɗumi, alhali falo cike yake da 'yan barka. Na danna maɓallin kunna ɗumi, na tsaya a wurin har Hajiya ta ce ƙarfe ya yi zafi.

Ƙanena ya ce zai mayar da abin kan salularsa. Hajiya ta hana: "Bar shi hannun Malam. Kai mantuwa gare ka, shi ko ba ya iya zama lafiya."

Tafiyar ta koya mini cewa fargaba ma aiki ce, in an sami mai ɗaukarka. Yanzu ina shago a Belleville, bayan kowace salla ina duba ɗumin wani ɗaki a Lyon. Saura kwana talatin da ɗaya a gama wankan jego.