Mai Hantsaki da Zancen Tofi

An daɗe ana cewa Mai Hantsaki tofi yake yi wa tsofaffin kwamfutoci. Ni da na tsufa a gaban allo ina koyarwa ban iya haɗiye "an ce" ba, sai na je gani.

Kullum da safe yakan share tebur, ya kunna fitila, ya jera hantsakinsa da gilashin ƙara girma. Telar da ke maƙwabtaka da shi ta rantse mini cewa a gabanta ya motsa baki a kan matacciyar kwamfutar wani asibiti, ta farfaɗo.

Ni ma da tawa buƙatar. A tsohuwar kwamfutar marigayi maigidana akwai muryarsa da ya naɗa, amma tun da jikana ya ƙara mata wani kati ta yi gum.

Da na kai wa Mai Hantsaki, ya buɗe ta, ya leƙa. "Malama, hula ce ba ta zauna daidai ba."

Na dubi kansa. Hularsa lafiya lau.

"Ba tawa ba, ta katin sauti."

Ya nuna mini wasu ƴan allurai a jere, da baƙar roba kamar ƙwayar shinkafa a kan biyu daga ciki, ita ce hular. Wai katin sautin da wanda jikana ya ƙara ta layi ɗaya suke kiran kwamfutar, ta rasa wanda za ta amsa wa.

"To ka tsawata musu mana!"

"Ai shi zan yi."

Ya zare hular, ya kai ta baki, leɓensa na motsi. Na zuba masa ido. Ashe da gaske ne? Ya ɗora ta a wasu allurai, ya kunna: shiru. Ya sake: sai ƙara kamar ƙwaro. Ni dai kaina ya ɗaure. Ya sake kuma, sai ga tarin maigidana: "Wannan abin yana ɗauka kuwa?"

Kai ne, Mai Hantsaki, ka dawo mini da wannan tarin. Kai ne ba ka taɓa ce wa tsohon abu a jefar ba. Yanzu da ido ya gaji za ka rufe shago, na gode, Allah ya saka. Samari, ku je ku koya tun ƙofar na buɗe.

Tofi kuwa, babu. Hular yake riƙewa a leɓe don kada ta faɗi ta ɓace, yana ƙirga allurai.