Jif ɗin Auta

A unguwarmu kowa Mai Kunne yake kiransa. Bakanike ne, garejinsa rumfar kwano ce a bayan layin masu walda, ƙasanta ta sha baƙin mai har ta koma kamar kwalta. Mota tana karyo kwana, da jin ƙarar injinta zai ce, "Wannan bawul ne," tun direba bai buɗe baki ba. Matarsa ta daɗe da rasuwa, ba su haihu ba. Duk duniya ƙaninsa kaɗai ya rage masa, Auta, mai jigilar mutane da buhuna zuwa ƙauyukan kan dutse da wata tsohuwar jif mai ja da ƙafa huɗu.

Wata damina injin jif ɗin ya buga a tsakiyar hawa, aka jawo ta da igiya.

"Yaya, tunda za ka farke ta, ka mayar mini da ita gas," in ji Auta. "Fetur ya gama da ni."

"Kai da motarka duk kun tsufa, sai yanzu za ku canja abinci?"

Amma ya yarda. Ya sauke injin da sarƙa, ya baje shi a kan tamfol. Ya sa sababbin fistin, ya nemo bawul masu jure zafi, domin a cewarsa gas busasshe ne, yana cin bawul. Auta na gefe yana wanke ƙarafa da kalanzir, yana zuba kamar kanya. A kwanakin ne Mai Kunne ya lura bakin ƙaninsa yana motsi amma muryar kamar daga bayan bango take zuwa. Bai gaya wa kowa ba. In Auta ya yi dariya, shi ma ya yi.

Ba a kai ga ɗaure kan injin ba, Auta ya yanke jiki ya faɗi da safe yana wanke fuska. Hawan jini ne. Kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa.

Mai Kunne ya lulluɓe injin, ya daina karɓar aiki. Yakan zauna a kan tsohuwar taya tun safe, ana gaishe shi yana gyaɗa kai.

Da watanni suka ja, matar Auta ta zo garejin. Ta yi magana, bai amsa ba. Ta sake. Sai ta zagayo gabansa, ta ɗaga murya.

"Yaya, ba ka ji ne?"

Ya sunkuyar da kai. "Tun yana da rai, ƙanwata."

Sai ta ce, "Ka haɗa motar. Shi ya koya mini tuƙi, kuma yara sai sun ci."

Ya haɗa ta. Ya ɗaure tukunyar gas a baya, ya bi tiyo gaɓa-gaɓa da ruwan sabulu yana duban kumfa, ko akwai inda iskar gas take fita. Ranar tayarwa matar Auta ta murza makulli, motar ta girgiza, masu walda suka taso suna tafi. Shi kuwa yana tsaye, ya ɗora tafin hannu a kan injin, hawaye na bin gemunsa.

"Ya yake?" ya tambaye ta.

"Yana ɗan tari!" ta faɗa a kunnensa.

Ya juya wani ɗan sukuru, yana kallon fuskarta, har ta ɗaga masa babban yatsa, alamar injin ya daidaita.

Yanzu ita take hawa dutsen. Shi kuwa bai sake buɗe wani inji ba. Ya ba masu walda rumfar, ya koma ɗakin da ke ƙofar gidan Auta, inda yake gyara wa yaran kekuna. In uwarsu ta dawo da yamma, su ne suke taɓa kafaɗarsa su nuna masa ƙofa, don ba ya jin ƙarar jif ɗin.