Firigon Alhaji da Akwatin Lambobi

Shekarar da damina ta ɗauke gero bai kai ga fitar da kai ba, ina aikin buga takardu a wani biro, wato ofis, a Matameye. Sojoji ke riƙe da ƙasa, kowa ya koyi tauna magana kafin ya furta. Aikina shi ne in shigar da sunayen gidajen da rumbunsu ya ƙare, daga Dawce da Yauri da Ɗan Barto, in aika Damagaram ta rezo, wato intanet, don a turo hatsin agaji.

Kwana tara saƙo ya ƙi fita. Kwamfutocinmu uku suna ganin juna, har takarda muke miƙa wa juna, amma ba abin da ke ƙetare bangon biron. Shugabanmu, wanda muke kira Alhaji, ya ce daga sama aka yanke, kada wanda ya tambaya. Muka ci gaba da buga sunaye. Kullum matan ƙauye na zaune gindin bedi a ƙofa, mazansu sun tafi cin rani Kano. Wata tsohuwa daga Dawce takan tare ni ta ce, “Ɗana, sunan namu ya tafi?” Sai in ce yana hanya.

Rana ta goma wani mai gyara ya biyo daga Damagaram, Alhaji kuwa ya tafi ɗaurin aure. Mutumin ya duba kwamfutata, ya nuna mini wata lamba da ta fara da 169.254. Ya bayyana mini cewa kowace kwamfuta in ta tashi sai ta yi kira a ba ta lambar zama, akwai kuma akwatin da ke amsawa ya raba. In ta ji shiru, sai ta zaɓar wa kanta ɗaya daga irin waɗannan, ta tambayi maƙwabta ko da mai ita, in ba kowa ta riƙe. Da ita za ta yi hira da 'yan ɗakinsu, amma ba ta san ƙofar fita ba.

“Ba daga sama ba ne,” in ji shi. “Akwatinku ne ba ya amsawa. Ina kuka ajiye shi?”

Yana cikin mangaza, ɗakin ajiyar kaya, makulli kuwa wajen Alhaji. Mai gyara ya sa ƙarfe ya ɓalle kwaɗon. Wari ne ya fara tarbar mu. An zare wayar akwatin daga bango, an cusa ta wani ƙaton firigo, wato firji, a madadinta. Cikinsa naman rago ne Alhaji ya ɓoye don kada ma'aikata su sa rai. Da ɗaukewar wuta yau da gobe naman ya yi kore, wani ruwa mai yauƙi yana bin ƙasa. Na fita da gudu na yi amai bayan katanga.

Minti biyu da mayar da wayar, lambobin suka canza, sunayen suka tafi. Sai dai an riga an gama rabon farko, namu ya koma na biyu, bayan mako uku.

Da Alhaji ya dawo, faɗan kwaɗo ya yi, ya sa aka binne naman. Washegari na gaishe shi har da rusunawa, kamar kullum, kuma na ƙara shekara huɗu a biron. Har yau wannan gaisuwar ta fi warin tayar mini da zuciya.